Ba a Gani Ba Daban, Babu Daban

Sau bakwai aka ce mini "ba ki da komai". Na ƙirga, don duk ranar da aka faɗa sai na ja layi a bayan littafin lissafina. Huɗu daga bakin ma'aikatan lafiya, biyu daga dangi, ɗaya daga ƙawar da muke kwana ɗaki guda. Duk lokacin da ake faɗar maganar ina zaune gabansu, kafaɗuna na ci kamar an zuba musu garwashi. Ƴan uwa ɗalibai, da wannan magana nake faɗa a cikin wannan ɗan littafi namu, kuma ba zan ambaci sunan wani gidan likita ko wani mutum ba, domin ɗabi'ar ce abokiyar gabata, kuma ɗabi'ar tana cikin gidajenmu da azuzuwanmu kamar yadda take cikin asibiti.

Ni ƴar wani ƙauye ce a ƙaramar hukumar Tarka, cikin Damargu. Ciwon ya fara mini a daminar shekarar da na yi birebe, bayan wata masassara da ta kwantar da ni kwana goma. Masassara ta tafi, ciwo ya zauna. Ya fara daga wuya da kafaɗu, ya sauka baya, ya kama kwankwaso da cinyoyi. Yau yana hagu, jibi yana dama, wani lokaci ko'ina. In na tashi da asuba jikina a sandare yake kamar itacen da ya kwana cikin raɓa, kuma ko na yi barcin awa tara sai in farka da gajiyar wadda ta wuni a gona. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kaina. Mushe yana bayani a allo, ina kallonsa, amma maganar ba ta shiga, kamar hazon hunturu ya cika mini ƙwaƙwalwa. A gida kuma taɓarya ta gagare ni, guga ya gagare ni, kuma duk ɗan Damargu ya san zurfin rijiyoyinmu, ya san matsayin budurwar da ba ta daka ba ta ɗebo ruwa.

Zuwan farko, majo ya huda mini yatsa ya yi gwajin palu. Layi ɗaya ya fito, wato babu. Duk da haka ya rubuta mini maganin palu, ya ce, "Sha dai, ƴata, wataƙila ya ɓuya ne." Na sha. Bayan wata biyu, a wani wurin, aka ɗebi jini aka ce tifoyid ne, aka ba ni ƙwayoyi na kwana goma da ƙarin ruwa leda biyu. Bayan wata huɗu aka sake cewa tifoyid. Ba ni da zazzaɓi, ba ni da ciwon ciki, amma takarda ta ce tifoyid. Sai daga baya na san cewa wannan gwaji da ake kira Widal, in sau ɗaya aka yi shi, yana yawan nuna cutar ga wanda ba ya da ita, musamman a ƙasashen da mutane suka saba haɗuwa da ƙwayar tun suna yara. Na kuma san cewa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tabbatar da palu ta gwaji kafin a ba da maganinsa. To in gwaji ya ce babu kuma aka ba da maganin, mene ne amfanin huda mini yatsa?

Inna ta sayar da akuya biyu da tiya ashirin ta hatsi a kan wannan yawo. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da kuma awon ciki, kuma wannan abin alheri ne. Amma mu da muka wuce shekara biyar ba mu kai ga ciki ba, komai daga aljihunmu: kuɗin mota ranar kasuwa, kuɗin ganin likita, kuɗin gwaji, kuɗin farmasi, kuɗin abincin wanda ya raka ka. A 2011 aka yi Balbeji dapartama mai zaman kanta, amma hanya ba ta ragu ba, wanda yake son gwajin da ya wuce na yatsa har yanzu tafiya ce a gabansa, daga Tanut zuwa Damagaram kawai fiye da kilomita 100 ne. Ka kashe jika ashirin, jika talatin, ka dawo da magana guda: an duba, ba ki da komai.

Ga inda rikicin yake. Abin da takarda ta faɗa shi ne: ba a ga ƙwayar palu cikin wannan ɗigon jini ba. Ba a ga karaya cikin wannan hoton ƙashi ba. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Mu ne, da bakinmu, muke juya "ba a gani ba" ta koma "babu", daga nan kuma "babu" ta koma "ƙarya take yi". Gwaji kamar tocila ce, inda aka haska nan ake gani. In ka haska ƙarƙashin gado ba ka ga kunama ba, ba ka da ikon ce wa wanda aka harba a ƙofar ɗaki mafarki yake yi.

Da asibiti ya sallame ni, gida ya karɓe ni da nasa bayanin. Goggo ta ce sammu ne. "Yarinya ita kaɗai a dangi ta kai lise, ku kuna zaton za a bar ta?" Aka kawo rubutu na sha, aka yi mini hayaƙi, wanzami ya zo ya yi mini ƙaho a baya har sau uku, tabon yana nan. Wani mai magani ya karɓi zakara da jika biyar ya ce an binne mini abu a bakin rijiya. Na san a cikinku akwai masu dariya yanzu, masu cewa jahilci. Ku dakata da dariyar. Mai maganin nan, da na shiga wajensa, bai ce mini ba ni da komai ba. Ya zaunar da ni, ya tambaye ni ina ke ciwo, tun yaushe, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Sannu, kin sha wuya." Bayaninsa ba gaskiya ba ne, kuma zakaranmu ya tafi a banza. Amma shi ne mutum na farko cikin shekara biyu da ya yarda cewa ina jin ciwo. Duk mai mamakin abin da ke kai iyayenmu wurin boka, ga amsarsa nan: a can ana saurarensu. Asibitin da ba ya saurare shi ke yi wa boka talla, kyauta.

Akwai kuma wanda ya fi boka saurin yarda da kai, shi ne mai tallar ƙwaya. Ina ajin farko na lise wani ɗan ajinmu ya ga ina dafa bango zan tashi, ya ce, "Ke, ki sha tramol ɗaya mana, wallahi har ƙwallo za ki buga." Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na sha, kuma ba zan ɓoye muku ba, ranar na ji sauƙin da na manta yadda yake. Na sha kwana tara a jere. Rana ta goma da ban samu ba, sai ga gumi, ga rawar jiki, ga ciwon ya dawo ya ninka. Allah ya taimake ni na tsorata na bari. Tramol dangin maganin da ke kama jiki ne. Wanda likita ke rubutawa yawanci miligiram 50 ne, wanda ke yawo a tasha da teburan kasuwa kuwa har da mai 225, kuma yawansa yana jefa mutum cikin farfaɗiya. Kullum ana yi mana wa'azi a kan matasa da tramol, ana cewa lalacewa ce, rashin tarbiyya ne. Ban taɓa jin mai wa'azin ya tambaya ba: cikin waɗannan matasa, nawa ne suka fara sha saboda wani ciwo na gaske da aka ce musu ba su da shi? Haka ma ƙwayoyin kashe ciwo irin su diklofenak da ake sha kamar gyaɗa, suna cin ciki, suna taɓa ƙoda in an daɗe a kansu.

Ku tuna Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi. A cikin shekarun 1980 aka haƙa rijiyar burtsatse da ke ba garin ruwa. Shekaru suka yi ta tafiya, yara na tasowa haƙoransu sun dafe, ƙafafunsu sun lanƙwashe, ƙasusuwansu na ciwo. Ɗaruruwan yara. Sai da aka auna ruwan aka gano sinadarin fuliyo ya yi masa yawa ƙwarai. Ba ina cewa ciwona daga ruwa yake ba. Abin da Tibiri ta koya mana shi ne, dalili yana iya zama a gaban kowa shekara da shekaru, ana shansa safe da yamma, ba a gan shi ba don ba a haska wajen ba. Da gwajin palu aka yi ta yi wa yaran nan, da har yau takarda na cewa ba su da komai.

Shekara ta huɗu, na riga na shiga jami'a, wata likita ta yi abin da ba a taɓa yi mini ba. Ta ajiye biro. Ta ce in ba ta labari tun daga farko, ta bar ni na yi magana kusan minti ashirin. Ta tambayi barcina. Ta tambaya ko ina shan nonon da ba a dafa ba, don akwai cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nonon shanu da awaki da raƙuma, buruselos, mai kawo zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi, kuma tana warkewa da maganin kusan sati shida. Mu da muke zaune tsakanin makiyaya, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Ta tambaya ko akwai mai amosanin jini a danginmu. Ta duba gaɓoɓina ko sun kumbura, ta duba maƙogwarona, ta sa aka gwada jini don ganin ko akwai kumburi a jiki ko ƙarancin jini ko matsalar ƙullin maƙogwaro da ake kira tiroyid. Da sakamako ya dawo duk lafiya, na sunkuyar da kai ina jiran layi na takwas. Sai ta ce, "Ciwonki gaskiya ne. Abin da na fi zato shi ne fibromiyalji." Na yi kuka a gabanta kamar ƙaramar yarinya, ita kuma ta miƙo mini ruwa ta jira.

Ga abin da na koya game da shi. A 1904 wani likitan Ingila, William Gowers, ya ba irin wannan ciwo suna bisa zaton kumburin tsoka ne. Aka yi ta dubawa ba a ga kumburin ba, a 1976 aka sauya sunan zuwa wanda ake amfani da shi yanzu. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar da ma'auni: ciwo a sassan jiki da yawa na aƙalla wata 3, da jin zafi a wurare 11 cikin 18 da likita zai danna. A 2010 suka sake ma'aunin, suka daina dogara ga dannawa, suka shigo da gajiya, da barcin da ba ya hutarwa, da hazon kai irin wanda na ba ku labari. Ciwon yana cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Babu gwajin jini ko hoto da ke nuna shi, likita yana gane shi ne daga labarin mai ciwo da duba jiki, bayan ya tabbatar ba wata cuta ba ce. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, hanyoyin da ke kai saƙon ciwo ta laka zuwa ƙwaƙwalwa sun zama masu saurin kamawa fiye da kima, kamar rediyon da aka murɗe sautinsa har ƙarshe: ƴar ƙara kaɗan sai ta cika gida. Tsoka lafiya lau, ƙashi lafiya lau, amma ciwon da mutum ke ji na gaske ne. Ba ya kisa, ba ya gurgunta ƙashi, ba shi da maganin sha ɗaya warke. Abin da bincike ya fi nuna yana taimako shi ne motsa jiki a hankali ana ƙarawa kaɗan kaɗan, da gyara barci, wani lokaci da ɗan ƙaramin awo na wani magani da likita kaɗai ke rubutawa.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a fada: "Wannan ai ciwon Nasara ne, ciwon ƴan hutu." A ƙasashen da aka ƙirga, kusan mutum 2 cikin 100 ke da shi, kuma mata sun fi yawa. Ku dubi gidajenku. Wace unguwa ce ba ta da matar da kullum take ɗaure da ƙyalle a kwankwaso, ana cewa sanyi ne, ana cewa jikinta ne haka, ana cewa son jiki gare ta? Tana daka tana cije leɓe, don in ta yi magana za a ce raguwa ce, a yi mata kishiya a ce ita ta ja. Nasara suna kawai suka ba shi, ciwon kuwa iyayenmu mata sun daɗe da ɗaukarsa a kai tare da tulu.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce shi ma fibromiyalji gare shi, ya zauna gida. Ciwon jiki mai daɗewa yana iya zama amosanin jini, ko buruselos, ko tiroyid, ko ƙarancin bitamin D, ko cutar gaɓoɓi mai kumburi, kuma da yawa cikinsu suna da magani in an gano su da wuri. Wanda ciwonsa ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko kumburin gaɓa, ko mutuwar wani sashen jiki, kada ya jira. Shi ya sa "ba ka da komai" take da haɗari: tana rufe ƙofar neman duk waɗannan a lokaci guda.

Zan yi wa ma'aikatan lafiya adalci. Majon da ke ƙauye shi kaɗai, a watan Satumba, layin mata da yara masu zazzaɓi har bakin hanya, ba ya da minti ashirin da zai ba budurwar da ta shigo da ƙafafunta. Palu na kashe yara, daidai ne ya fara da shi. Ba ya da ɗakin gwaji, wani lokaci ko lantarki babu. Duk na yarda. Amma abin da nake nema a wurinsa ba ya cin ko dala. Ya ce, "Abin da nake iya gwadawa a nan ban gani ba, ban san mene ne ba, ga takarda ki je gaba." Ban sani ba magana ce ta mai ilimi. Da an faɗa mini ita tun zuwan farko, da akuyoyin Inna sun tafi a kan gwajin da ya dace, da Goggo ba ta samu filin sammu ba, da ni kaina ban kwana ina tambayar kaina ko na fara taɓuwa ba. Cikinku akwai masu karatun aikin jinya da na likita. Gobe ku ne a kan kujerar nan. Ina roƙonku ku koyi faɗar wannan magana tun yanzu.

Ku kuma ƴan uwana masu ciwo, da na san kuna nan kuna karantawa kuna shiru, ga abin da ya amfane ni. Ku samu littafi guda ku riƙa rubuta ranar da ciwo ya tashi, inda ya kama, yadda kuka yi barci, da duk maganin da kuka sha, har da na gargajiya da na tebur, ba kunya. Ku riƙe karne ɗaya na asibiti, kada ku sayi sabo a kowane zuwa, ku adana kowace takardar gwaji cikin leda, don kada kowane likita ya sake farawa daga palu. In an ce ba a ga komai ba, ku yi tambaya cikin ladabi: Dokta, mi aka gwada, mi ya rage ba a gwada ba, ina zan je? Ku tafi da wanda ya san halinku, zai tuna abin da kuka manta. Kuma ku nisanci tramol ko da kyauta aka ba ku.

Sauran mu, ƴan aji da ƴan ɗaki da ƴan fada, namu ya fi sauƙi. In ƙawarki ta ce jikinta na ciwo karo na hamsin, ba sai kin zama likita ba. Ɗauki bokitinta ki ɗebo mata ruwa, ara mata littafinki ta kwafi darasin da ya wuce ta. Ku daina "kullum ke ce ba lafiya", ku daina "ai jiya na gan ki kina dariya". Mai ciwon shekara biyar dole ya yi dariya wata rana, in ba haka ba yaya zai rayu? Samari kuma, ku da aka koya muku namiji ba ya raki, ku ne kuka fi faɗawa hannun mai ƙwaya, don shi kaɗai kuke iya gaya wa ba tare da an yi muku dariya ba.

An yi ta ce mini in yi haƙuri, kuma ina yi. Amma Annabi Ayuba, wanda ake buga misalin haƙuri da shi, ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa, ba a kuma cire shi daga cikin masu haƙuri ba. Faɗar ciwo ba ya ɓata haƙuri, neman sunansa ba ya ɓata tawakkali.

Har yau ban warke ba. Ina tafiyar minti ashirin kowace yamma, na fara da biyar. Akwai satin da nake jin kamar kowa, akwai satin da sai an taimaka mini in ɗaura kallabi. Da na je hutu na yi wa Inna bayanin rediyon nan da aka murɗe. Ta yi shiru, ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta ce, "To ni fa, ƴar nan, da nake ji tun haihuwar yayanki?" Shekara ashirin da shida ke nan. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ni ma ban taɓa tambayarta ba. Na saya mata littafi, ita tana faɗa ni ina rubutawa, kuma bayan girbi in Allah ya yarda tare za mu shiga mota.